Alƙawarin Yin Shiru a Silima

Tun a mota Auta ta sa mahaifinta ya yi mata alƙawari.

"Baba, don Allah, wannan ba irin silimarku ta da ba ce. Ba a magana. Daraktanmu ma yana nan."

"Ni yaro ne?" in ji shi, yana gyara wuyan riga.

Amma ya san halinsa. Ya yi samartakarsa yana yaga tikiti a tsohuwar silimar bayan tasha, wadda yanzu ta zama ma'ajiyar katifu. A can da baki ake kallo. Bencin katako, ɓawon gyaɗa a ƙasa, hayaƙin sigari na yawo cikin hasken injin nuna fim. In fim ɗin tsoro ne, kowa ya san baƙin mutum ɗaya tilo da ke cikin Turawa shi dodo zai fara ci. Sai a taru a kansa: "Kai ɗan'uwa, kar ka buɗe ƙofar nan!" Bai taɓa jin magana ba, amma ba a taɓa barinsa ya mutu shi kaɗai ba. A can ma ya fara ganin marigayiya, uwar Auta, tsaye a kan benci tana zagin dodo.

Yau kuwa kujera mai laushi, sanyi kamar asibiti, kowa ya yi tsit.

Fim ɗin ba dodo a cikinsa. Auta ce a allo, ta fito a matsayin yarinyar da ta samu aiki a ofishin Turawa. A bakin ƙofar ofishin akwai wani dogon madubi. Duk safiyar da ta duba sai ta ƙara haske, murmushin abokan aikinta kuma ya ƙara faɗi. Baƙin nan nata mai sheƙi, wanda ta gada wurin uwarta, yana ta gushewa.

Ya saci kallon ta gasken da ke gefensa. A wata mai kamawa za ta tafi aiki ƙasar waje, kuma abin da ke hana shi barci ke nan: kada ta dawo tana jin kunyarsa. Ya damƙe hannun kujera, ya cije leɓe.

Sai ga wani dattijo a allo, da tsohon takalmi, ya zo ofishin da leda a hannu. Yarinyar ta fito fara fat, ta dube shi sama da ƙasa cikin ladabi.

"Wa kake nema?" ta tambaye shi.

Bai san sa'ad da ya miƙe ba.

"Ke! Ubanki ne! Ubanki ne, 'yar nan!"

Kawuna suka juyo. Wani ya ja tsaki. Ya tsaya ƙiƙam, ya kasa duban gefensa. Shi ke nan, ya kunyata ta a gaban mutanenta.

Daga can baya wata tsohuwar murya ta ce, "Faɗa mata dai, malam! Ta fasa madubin!"

"Ta fasa shi!" wata mata ta amsa.

Auta ta ja gefen rigarsa har ya zauna. Kafaɗunta rawa suke yi, ya zaci kuka ne, ashe dariya take dannewa. Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Baba, ka adana muryarka," ta raɗa masa. "Gaba kaɗan zan buɗe wata ƙofa."