Kunun Mama Mero

Azariya na tsakiyar kasuwar Kafanchan da buhun citta a ka lokacin da mai faci ya soma dukan ƙarfen taya. Kan, kan, kan, ba tsayawa.

A ƙauyensu, can bayan Godogodo, irin ƙarfen nan ne rataye a mangwaron coci. In an buga a hankali, sujada ce. In an buga da sauri, kowa ya nufi daji. Ranar da aka yi bugun ƙarshe ya baro gona da rumbu, ya baro ƙanensa Rufus kwance a bakin rafi.

Bai san ya yar da buhun ba. Ya dai tsinci kansa a ƙarƙashin motar da suke wa lodi, baki cike da ƙasa. Sai ya ji ɗumi a cinyarsa. Ya duba, ya runtse ido.

A waje 'yan dako na ta dariya, suna cewa ɗan gudun hijira ya sake tsere wa buhu. Alhaji Misbahu, mai kayan, yana tambayar ina mutumin Kumai ya shiga. Kumai yayan matarsa ne. A ɗakinsa suke raɓe, shi ya roƙa masa aikin, bayan ya rantse wa Alhaji cewa surukinsa lafiyarsa ƙalau. In Azariya ya fito da wandon nan a jiƙe, kafin yamma za a ce ya taɓu. Wa ke ba taɓaɓɓe kaya? Matarsa Miriyam ta sha cewa su je asibiti, akwai masu duba irin wannan. Yakan ce mata shi ba mahaukaci ba ne, addu'a ta isa.

Sai ya ji numfashi kusa da shi. Wata tsohuwa ce a tsugune bayan taya, ta rungume bokitin kunu, mayafinta ya zame, leɓenta na rawa. Ya gane ta. Mero ce, mai kunu a bakin titin Godogodo, wadda aka ƙone wa rumfa a makon da aka ƙone musu gida. Tun zuwansa garin nan in ya hango ta yakan sake hanya.

Ta dubi fuskarsa, ta dubi wandon. Ya kau da kai.

“Kai ma ƙarfen ne?” ta ce a hankali.

Ta ƙara da cewa:

“Ni ko a salla nake, in na ji shi sai na sallame. 'Ya'yana ba su sani ba.”

Ta gyara mayafinta, ta buɗe bokitin, ta juye masa kunun tun daga ƙirji har gwiwa. Sanyi ya ratsa shi. Sannan ta rarrafa ta fita tana faɗa, wai wane irin ƙato ne wannan da ba ya ganin gabansa, ya bangaje ta da kayan sana'arta har ƙarƙashin mota.

Ya fito yana ɗiga. Dariya ta ƙaru, amma ta kunu ce yanzu. Alhaji Misbahu ya ba tsohuwar haƙuri, ya ce wa Azariya ya riƙa duban hanya, ya ɗauki buhunsa.

Ya ɗauka. Da ya wuce ta, tana goge bokitin da bakin zane.

“Mama,” ya ce, “akwai asibitin da ke duba irin namu, an ce da safe ake zuwa.”

Ba ta ɗago ba. “In za ka, ka biyo ta nan. Ni kaɗai ba zan iya shiga ba.”