Lamba Arba'in da Ɗaya

Ni ce mai raba katin layi a asibitin ido. Ƙarfe bakwai nake buɗe taga, in miƙa wa kowa lambarsa, likita ya duba su bi da bi. Aikin ba shi da wuya. Wuyar tana cikin aljihun teburina, inda nake ɓoye katin lamba ta biyar duk Talatar farkon wata saboda Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya kai ni makaranta a bayan kekensa ranar farko, kuma bai taɓa bari na manta ba. Tun da idonsa ya fara hazo yake zuwa wurinmu, amma sai goma ta gota, ya yi wanka ya sha turare.

"'Yar boko, ina abin nan?" zai ce.

Sai in zaro in ba shi, kaina a ƙasa don kada in haɗa ido da masu zaman benci. Shekara biyu ina haka. Kullum in koma gida ina jin haushinsa, shi kuwa bai ma san ina yi ba.

Wata Talata na miƙa wa wata tsohuwa lamba shida. Ta kai katin dab da idonta, ta ce, "'Yata, mutum huɗu ne fa a gabana. Ko idon nawa ne?"

Ba faɗa ta yi ba, tambaya ce. Na karɓe shida, na buɗe aljihun tebur na ba ta biyar.

Da Kawu ya iso, abin da ya rage na miƙa masa. Ya juya katin.

"Arba'in da ɗaya? Wannan shekarun wa?"

"Lambarka ce, Kawu."

"Ke, ni ne fa."

"Na sani. Daga yau wanda ya riga zuwa shi zai riga shiga. Bari in fito maka da kujerata, bencin nan ba daɗi."

Na fito da kujerar. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ajiye katin a kanta ya fita. Na koma taga, ban bi shi ba.

Kafin azahar Mama ta kira. "Abin da karatun ya koya miki ke nan? Ki je ki ba shi haƙuri."

"Zan je in gaishe shi, Mama. Haƙuri kam ban san na me ba."

Na je ranar Asabar, kamar yadda na saba, don in ɗiga masa magani a ido. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da ka, ya ƙara sautin rediyo. Na ɗiga maganin, na goge masa gefen ido, na tafi. Asabar uku muna haka. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma na lura da wani abu: haushin nan na shekara biyu babu shi. Har tabaransa na wanke masa, abin da a da ba na yi.

A Asabar ta huɗu na ce, "Kawu, ranar Talata zan biyo maka shida da rabi mu tafi tare. Idon nan ba zai jira fushinka ba. Lamba kuwa, wadda ka tarar."

Ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Talata na biya, matarsa ta ce ya fita tun ɗazu. Na ɗauka guduna ya yi. Da na isa asibiti sai ga shi a kan benci, da sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"Mutum ɗaya ne a gabana," ya ce da na buɗe taga. "Ki ƙirga da kyau."

Na ba shi lamba biyu. Yana komawa na ji yana ce wa na kusa da shi, "Wannan da kake gani, in tana tagar nan ba ta san kowa ba. Ni na kai ta makaranta, a keke."