Ɗinkin Baba a Jikin Ƙwallo

Tun da aka kawo shi gidan yari bai ce uffan ba, shi ya sa 'yan ɗakinsu suka laƙa masa Shiru. Kwanciya yake ya ba mutane baya, abincinsa ya sandare a kwano. Abin da ke cin sa ba ɗaurin ba ne. Ranar da aka yanke masa hukunci, mahaifinsa, tsohon mai gyaran takalma, ya rantse a gaban jama'a ƙafarsa ba za ta taka gidan nan ba. Kuma tsohon ba ya magana biyu.

Direba ne ya janyo shi filin ƙwallo, wani ɗan ɗakinsu mai bakin tsiya.

"Taso, malam! Gola muke nema. Ko ba ka iya ba, tsawon nan naka ya tare rabin gida."

Aka tsayar da shi tsakanin bokiti biyu, ya tsaya ƙiƙam. Sai ƙwallo ta zo ta dake shi a ƙirji, ya rungume ta ba da niyya ba. Tsohuwar ƙwallo ce, duk faci. Yatsansa ya sauka a kan wani ɗinki, ya ƙura masa ido. Zare mai kaki, an gicciye ɗinkin ƙarshe, an ƙulle sau biyu. Haba! A gaban hannun da ke wannan ɗinki ya tashi, hannun Babansa.

Da aka tashi wasa ya tari ganduroba, wani dattijo mai sauƙin kai. "Ranka ya daɗe, wa ke ɗinke ƙwallon nan?"

"Au, ashe kana magana? Wani tsoho ne a bakin tasha, ni ke kai masa."

Daga ranar Shiru ya zama wani mutum. Ya fara cin abinci, yana wanka, yana yi wa 'yan baya tsawa, har dariya yake in Direba ya buga iska ya zube. Da ɗinki ya saki kuwa, shi ke fara kai ƙara. Kai, har tsokanar zaren yake da farce a ɓoye don ƙwallon ta sake fita.

Wata rana ganduroba ya dawo da ita yana murmushi. "Tsohon nan da tambaya yake, tun da na ba shi labarinka. Wai golanmu yana cin abinci kuwa?"

Shiru ya shige banɗaki ya yi kuka mai isarsa. A ranar ko ɗaya ba a ci shi ba.

Amma ya lura ɗinkin ya fara karkacewa, ramukan basilla suna nisa da juna. Hannun Baba rawa yake. Tsoro ya kama shi, ya daina tsokanar zaren, sai dai ƙwallo tsohuwa ba ta jiran kowa. Ta sake ɓarkewa, aka fita da ita.

Ta daɗe ba ta dawo ba. Fili ya yi tsit, faɗa ya dawo ɗakuna, Shiru ya koma kallon bango.

Ranar da ganduroba ya shigo da ita, hularsa na hannu. Ɗinkin ya kai rabi ya tsaya, zare na reto.

"A kan cinyarsa aka same ta. Allah ya ji ƙansa. Maƙwabtan rumfarsa suka gaya mini ko kai wane ne."

Shiru ya daɗe yana shafa rabin ɗinkin. Sai ya ɗago ya dubi ganduroba.

"Ranka ya daɗe, a ara mini basilla."

Doka ta hana, kowa ya sani. Dattijon ya dube shi, ya zaro ta daga aljihu, ta tsohon ce, ya tsaya a kansa. Shiru ya zauna a ƙasa ya ɗora daga inda Baba ya tsaya, hawaye na ɗiga a kan fatar. Ya gicciye ɗinkin ƙarshe, ya ƙulle sau biyu, ya miƙa basillar.

Direba ya ce a hankali, "Ɗan uwa, mu bar wasan yau."

Shiru ya girgiza kai, ya je ya tsaya tsakanin bokitan nan.

"Ku buga. In na koma ɗaki yanzu, wallahi ba zan sake tashi ba."