Saƙin Matan Jakara

"Yallaɓai, ba zan naɗe shi ba," in ji Zaituna.

Alhaji Gwadabe, darektan hukumar da take aiki, ya ɗago kai ya dube ta kamar wanda akuya ta yi wa sallama. Tun da soja suka ɗora shi a kan wannan kujera ba a taɓa ce masa a'a a ofishin nan ba, balle a ce yarinyar da ko tabbatar da ita a aiki ba a yi ba.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan naɗe shi ba. Zanen nan aro ne, ba namu ba ne."

Abin da ya kawo wannan magana kuwa shi ne, a wannan shekarar soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, aka naɗa sabon kwamishina. Darekta ya ga kujerarsa tana rawa, sai ya ƙirƙiro biki a hukumar, wai na tunawa da tarihin mata da al'adunsu, ya sa matar kwamishina, Hajiya Indo, ta zama babbar baƙuwa. Da aka zo maganar abin da za a nuna wa baƙi, kowa ya sunkuyar da kai. Aka jibga wa Zaituna aikin, tunda ita ce ta karanta tarihi a jami'a, aka kuma gaya mata kada ta sa rai da mota ko wani tallafi.

Ta fara da littattafai. Ta tarar sarakuna ne da yaƙe-yaƙe tun daga bango har bango, mata kuwa sai an yi sa'a a ambace su a gefe. Ranta ya ɓaci, ta rufe su, ta ɗauki mayafinta ta shiga lungunan birni da ƙafa. A Dukawuya, unguwarsu, ta samo shantu da tsofaffin faya-fayai. A Shahuci wata dattijuwa ta ba ta mazari da allin kaɗi, bayan ta sa ta tsugunna ta nuna ko ta san yadda ake riƙe su. Wani gida an ce mata 'yar leƙen asirin gwamnati ce, wani gida an bar ta tsaye a zaure har ƙafarta ta yi sanyi. Duk ta shanye.

Zanen kuwa a Jakara ta same shi, a wurin wata tsohuwa da ake kira 'Yardada. Saƙi ne baƙi wuluk mai ratsin fari, ya sha rinin baba ya sha bugu, yana ƙamshin adaka. Kakannin matan lungunsu ne suka haɗu suka kaɗa zarensa, kowace ta kawo nata. Tun daga lokacin, duk amaryar da za a fitar daga lungun da shi ake lulluɓa ta, duk macen da ta rasu kuma shi ake rufa wa makararta.

"Ke 'yar boko, kin ga zanen nan?" 'Yardada ta ce mata a ranar. "Ba nawa ba ne, a hannuna kawai yake. Da shi aka kai ni, da shi za a fitar da ni. In kika bari ya ɓata, da me za a rufe ni, da takardarki ta jami'a?"

"Iya, da hannuna zan dawo da shi."

"Kowa haka yake cewa. Mai aron turmina ma haka ta ce, yanzu har 'yarta ta yi aure."

Sai da Zaituna ta yi ta zarya, sai da tsohuwar ta binciki ko 'yar wane gida ce, sannan ta saki zanen.

To, yau ana gobe biki, Hajiya Indo ta leƙo ta ga yadda aka shirya zauren. Ta tsaya a gaban saƙin, ta shafa shi, ta ce rabonta da ganin irinsa tun kakarta tana da rai. Ba ta roƙa ba, yabawa kawai ta yi. Amma darekta, da yake ya san babba ba ya yaba abu a bar shi ya tafi hannu biyu, sai ya yi caraf ya ce, "Ai ya zama naki, Hajiya. Gobe a gaban jama'a za a miƙa miki." Tana fita ya kira Zaituna ofishinsa, ya ce ta sauke zanen ta naɗe shi a takarda mai ƙyalli.

Yanzu ga shi yana kallonta, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Na riga na furta a gabanta. So kike in zama ƙaramin mutum?"

"Ni ma na furta, Yallaɓai. A gaban mai shi."

"Wace mai shi? Tsohuwar da ko fitowa zaure ba ta yi? A kai mata atamfa, a kai mata leshi in tana so. Tsumma ne fa."

"In tsumma ne, me ya sa za a ba matar kwamishina?"

Ya buga tebur. "Ke, ni kike mayar wa da magana? Da wa kike taƙama a garin nan? Kin manta hannuna ake jira kafin a tabbatar da ke?"

Ba ta manta ba. Ta san mahaifinta ya yi ritaya, ta san ƙannenta da albashinta suke zuwa makaranta. Amma ta ƙi ja da baya. Mutumin nan ko sau ɗaya bai tambayi sunan matan da suka ba da kayansu ba. Bikin girmama mata ake yi, ga shi za a fara da yi musu fashi da rana tsaka.

"Yallaɓai, ka ba ta abin da yake naka," ta ce. "Babbar rigarka ma aikin hannu ce."

Ta fita, ta shiga zauren, ta hau kujera ta sauke zanen, ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin mayafinta. A bakin ƙofa Malama Ladi mai buga tafireta, wadda ta ga hawa da saukar darektoci da yawa, ta riƙo hannunta.

"'Yar nan, ki yi wa kanki faɗa. Mu da kika gan mu a nan, haƙuri ne ya zaunar da mu. Ki ce wa tsohuwar an sace, wa zai kama ki?"

"Malama, in na faɗi haka, da wane ido zan sake bi ta Jakara?"

"Ido ai ba ya cika ciki."

Zaituna ta zare hannunta a hankali ta wuce.

Ta tarar da 'Yardada a tsakar gida tana tsince shinkafa. Tsohuwar ta karɓi zanen, ta warware shi, ta bi shi ratsi-ratsi da yatsa, ta sunsuna.

"Har an gama bikin naku?"

"Sai gobe, Iya."

"To me ya dawo da shi?"

Zaituna ta gaya mata komai. 'Yardada ta yi tsaki.

"Shi wannan darektan, uwarsa ba a lulluɓe aka kai ta ba? Allah ya yi miki albarka. Buɗe min adakar can, gwiwata ta ƙi."

Iyakar godiyar ke nan, kuma Zaituna ba ta nemi ƙari ba.

Washegari ta yi shiri ta tafi aiki, maigadi ya tare ta yana kawar da kai, ya ce umarni ne daga sama kada ta shiga. Da don kanta ne da ta juya. Amma shantu da mazari da faya-fayan mutane suna ciki, kuma kowanne da bakinta ta aro shi. Sai ta tsaya a gindin katanga, cikin rana. Daga nan tana jiyo lasifika, tana jin darekta yana karanta jawabin da ita ta rubuta, yana tuntuɓe a kan sunayen unguwanni, ana yi masa tafi. Ta ji an miƙa wa Hajiya Indo wani zane da aka sayo a kasuwa da sassafe, ta ji ta yi godiya. Abokan aikinta suna shiga suna fita, kowa yana yi kamar bai gan ta ba. Ba ta zauna ba, ba ta kuma roƙi kowa ruwa ba.

Sai bayan la'asar, da motoci suka watse, Malama Ladi ta fito da kayan a cikin buhu, ta ajiye a gabanta ta koma ciki. Zaituna ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora buhun a ka, ta bi gida-gida ta mayar wa kowace mace nata.

Ba a tabbatar da ita ba. Kafin wata ya ƙare aka sallame ta, aka ce ba ta da ladabi ga na gaba. Duk ofishin da ta je neman aiki sai ta tarar labarinta ya riga ta isa. Mahaifiyarta, Nana Hauwa, ta daɗe ba ta yi mata magana mai daɗi ba, ƙanwarta kuma dole aka cire ta daga makarantar kwana. Darekta ya ci gaba da zama a kujerarsa. Zaituna ta rasa aikinta, ta yi shekaru tana zaune a gida da digirinta, kuma ko sau ɗaya ba ta je ta ba shi haƙuri ba.