Jana'izar Inna Turai

Malam Sagir na tsaye gaban allo a wata sakandare a Bebeji, yana fama da 'yan ajin ƙarshe kan lissafin nisa da gudu da lokaci. Jarrabawa ta ƙarato, yaran kuwa kai kamar an toshe da tsumma. Sai wayarsa ta yi ƙara. Yayansa Surajo ne, daga ƙauyensu can gaba da Tudun Wada.

"Sagir, sai haƙuri. Inna ta cika. Jana'iza bayan azahar, ka taso yanzu."

Ya yi salati, ya dafa tebur. Amma kan da ya saba da lissafi ba ya hutu ko ranar mutuwar uwa. Kilomita casa'in ne, babur ɗinsa na cin sittin a awa, tafiyar awa ɗaya da rabi ke nan. Yanzu sha ɗaya, azahar sai biyu. Lokaci har da rara. Ya share ido, ya juya ya ƙarasa darasin, har da ba da aikin gida. Wai shi nan jarumi.

Lissafin bai yi masa ƙarya ba ko kaɗan, abin da ya fi cin rai ke nan. Hanya lafiya lau, ya isa ladan bai ma kira salla ba.

Sai ya tarar da maza zaune kan tabarmi a ƙofar gida, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Hadari ne ya haɗo daga gabas, masu haƙa sun gama, liman ya ce ba za a ajiye baiwar Allah tana jiran ruwa ba. A garin nan "bayan azahar" faɗa ce kawai. Da kabari ya kammala, ɗauka ake yi. Sagir nan aka yanke masa cibiya, ya san haka sarai. Ya nufi wajen Surajo.

"Yaya, ai cewa ka yi bayan azahar."

"Na kuma ce ka taso yanzu," in ji Surajo, ko ɗago kai bai yi ba.

Mujitaba, maƙwabcinsu mai faci, ya taso ya riƙe hannun Sagir, gwiwoyin wandonsa jage-jage da laka.

"Allah ya jiƙan Inna, Malam. Mun ɗan duba hanya, shiru. Da Yaya Surajo ya shiga ramin ya rasa na biyun da zai kama masa, ni na sauka na karɓe ta."