Birkin Gefen Malami

Malamin tuƙi ya sake ɗauko labarin faɗuwarsa a babur daga farko, kuma Likitan dabbobi ya lura duk sanda aka sake labarin, babur ɗin rage gudu yake yi. Da safe yana tafiya daidai wa daida ne yashin kwanar ya kwashe shi. Yanzu da hantsi ya kusa zama a tsaye.

Malam na zaune kan benci a ƙofar gidansa, gwiwar wandonsa ta yage, yana karɓar jaje. Gaskiya babur ɗin ya fi shi samun masu jaje. Bakanike ya tsuguna a gabansa yana girgiza kai, maza sun zagaye shi suna taɓa fitilar da ta fashe. Shi kuwa mutumin, tunda ba jini ba karaya, unguwa ta riga ta sallame shi.

Likita katanga ɗaya ce tsakaninsu. Tun da ya yi ritaya daga duba awaki da kaji, ba shi da aiki sai son sanin abin da bai shafe shi ba. Shi ya sa ya ɗauki hular kwanon da aka ajiye gefen benci yana jujjuya ta. Ko ƙwarzane babu. Igiyar ɗaure haɓa ma a naɗe take tsaf, da 'yar robar da aka sayo ta da ita. Malam bai taɓa fita ba hula ba, kowa shaida ne, amma ashe ɗora ta yake yi kawai, yadda ake ɗora murfi a kan tukunya. To idan hular ta tashi ta bar shi tun a sama, mene ne ya daki dakalin titi?

Ya sami amsar a saman kunnen Malam na hagu: wani ɗan kumburi mai taushi, da gashi ya rufe.

Matar Malam ce ta ja shi gefe ta gaya masa abin da ba ya cikin labarin. Waɗanda suka rako Malam gida sun ce ya ɗan jima a kwance bai motsa ba, sannan ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya roƙe su kada su yi ta yaɗawa. Likita ya tuna wani rago da ya taɓa karo da bango, ya miƙe ya ci harawarsa lafiya lau, kafin la'asar ya kwanta bai tashi ba. Da ya buɗe kan, jini ne ya taru a hankali a ƙarƙashin ƙashi. Bai ba da wannan misalin ba. Cewa kawai ya yi a je asibiti a ɗauki hoton kai.

"Hoton me? Ka ga ƙaho a kaina ne?" in ji Malam. Aka yi dariya, har da bakanike.

Da mutane suka ragu Malam ya faɗa wa Likita ainihin dalilin, ƙasa-ƙasa. Tun yana saurayi yake koyar da tuƙi, ba a taɓa jin sunansa cikin hatsari ba, kuma abin da yake sayarwa ke nan. Rabin ma'aikatan jinyar asibitin nan a hannunsa suka koyi riƙe sitiyari. Idan aka gan shi a benci ɗaya da 'yan ganganci, kafin gobe gari ya ɗauka. "Kuma ba hatsari ba ne, Likita. Zamewa ce."

Likita ya ce dakalin bai san bambancin ba. Malam ya ce ya je ya duba kajin mutane.

Bayan azahar matar ta leƙo ta katanga. Malam ya yi amai, yana riƙe da kai, kuma ya tambaye ta ko ta kulle mota, ta amsa, ya sake tambaya. Yanzu barci yake so. Likita ya shiga ya same shi a falo, kan doguwar kujera, ƙarƙashin hoton alamomin hanya da ya manna a bango. Ya haska idanunsa da fitilar waya. Baƙin tsakiyar idon dama ya tsuke nan take. Na hagu ya yi faɗi, kuma sai da ya yi shawara kafin ya motsa.

Ya san in ya ce asibiti za a sake maganar ƙaho. Sai ya zauna ya ce lasisinsa ya kusa ƙarewa, an ce za a sake gwada tsofaffi, shi kuma hannunsa ya kwana biyu. Ko Malam zai fita da shi ya ga inda yake kuskure?

Malam ya buɗe ido ɗaya. Shekara da shekaru yana kallon yadda Likita ke fitowa da baya daga gareji, abin yana cin ransa.

"Inda kake kuskure? Sai mu kai dare."

Motar koyo ce a ƙofar gida, ƙarama, da jar alamar ɗan koyo gaba da baya, da birki na biyu a gefen malami. Likita ya shiga mazaunin direba, matar ta shiga baya da mayafinta a hannu, ba wanda ya tambaye ta dalili. Malam ya ƙi yarda a tayar sai kowa ya ɗaura bel, sai an gyara madubi, sai an ba da sigina ga titin da ko akuya babu.

Likita bai taɓa sha'awar gudu ba sai ranar. Da ya taka totur sai motar ta dafe, don ƙafar Malam na kan nasa birkin. A kowace mahaɗa haka: tsayawa cak, duba dama, duba hagu, sake duba dama. Malam na ta gyara masa riƙon sitiyari, maganarsa tana jan ƙafa, kalmomin suna manne wa juna. Ya ce Likita na canja giya kamar mai fizgar akuya. Likita ya amsa laifinsa, yana satar kallon gefen fuskar.

Da suka wuce shataletale suka ɗauki hanyar asibiti, Malam ya ɗago kai ya dubi titin.

"Wannan ba hanyar gwaji ba ce."

"Ba ita ba ce."

"Ta ƙofar baya za ka shiga," in ji Malam. "Ka ba da sigina."

Mahaɗa ta gaba babba ce, da manyan motoci. Likita ya rage gudu yana jiran motar ta dafe kamar kullum. Ba ta dafe ba. Ta zarce sumul, har sai da ya taka nasa birkin. Ya waiwaya: kan Malam ya jingina da gilashi, yana wani minshari mai nauyi, bel ɗin ne ya riƙe shi. Matar ta zuro hannu ta tallafe kan. Daga nan ba wanda ya sake hana Likita gudu, kuma ta ƙofar gaba ya shiga.

Ma'aikaciyar da ta turo gadon ta gane shi. "Malam ne," ta ce, ta ƙara sauri.

Sun shiga da shi tiyata, bai fito da rai ba. Likitar da ta yi aikin, wata mace da gajiya ta cinye, ta ce wanda ya zo jina-jina ba shi ke ba ta tsoro ba, don da gudu ake kawo shi. Wanda ya miƙe ya karkaɗe riga shi ne ke zuwa a makare, kuma yawanci daga kan babur. Likitan dabbobi ya so ya tambaye ta ko da a ce tun da safe aka kawo shi, da ya tashi. Ya ga matar na saurare, sai ya haɗiye tambayar.

Rana ta yi sanyi sanda suka ɗauki hanyar gida, don a sanar da yara. Matar ta sake shiga baya. Likita yana tafiya a hankali, ba don wani ya tilasta shi ba, ƙafarsa ce ta ƙi. Wata motar haya ta yi ta danna musu ham, sannan ta sha gabansu, direban ya zuro kai.

"Kai ɗan koyo, ina malaminka?"

Likita ya kauce gefe ya ba shi hanya. A madubi ya ga matar ta miƙa hannu ta kama bel ɗin kujerar gaba da ke lilo a bakin ƙofa, ta riƙe shi don ya daina bugun gilashi.