Kayan Jamus na Boeta Nizaam

Gadija Salie ba ta filin tsere ranar da mijinta ya yi hatsari. Tana wurin aiki a masana'antar ɗinki ta Salt River, inda ta shekara ashirin da biyu tana yankan yadi, aka kira ta a waya. Sai daga baya ta ga bidiyon da ya zaga wayoyin mutanen unguwarsu ta Athlone: jar motar mijin nata Shafiek mai ƙofa biyu ta shigo kwana, ƙafarta ta gaba ta durƙushe, ta juya sau biyu ta daki katangar tayoyi. An zaro shi da karyayyen ƙugu. Ya yi wata uku a kwance, ya tashi da sanda, likita kuma ya ce ƙafarsa ta hagu ba za ta sake taka kuloci ba.

Wata biyu kafin wannan Shafiek ya sa wa motar sababbin koiloba, irin shokozoban nan masu sifirin a jikinsu da ake ɗaga mota ko a sauke ta da su. A wurin Nizaam Davids ya saya, abokinsa tun suna firamare, wanda ake kira Boeta, wato yaya, mai shagon kayan mota a Lansdowne. Nizaam ya ce 'yan Jamus ne, ya kuma yi ragi saboda zumunci, dubu talatin da takwas a kuɗinsu na rand. Kuɗin gyaran kicin ɗinta ne, amma Gadija ta yarda, don ta san mijinta ba ya shan taba, ba ya caca, motar nan ce kaɗai abin da yake yi wa kansa.

Ranar hatsarin Nizaam da kansa ya janyo motar, ya kwance koiloban guda huɗu, ya ce zai aika Jamus a bincika. Bayan mako shida ya zo gida da kwalin koesista mai zafi, irin fanken nan mai zaƙi da kwakwa, ya zauna a bakin gadon Shafiek, ya ce kamfani ya amsa: kayansu lafiya lau, direba ne ya hau gefen titi. Ba takarda, ba komai. A taron masu motoci na ranar Lahadi kuwa, wanda ake yi a filin ajiye motoci na kasuwa, ya ce wa jama'a tabarau ya kamata Shafiek ya canja, ba shokozoba ba. Aka yi dariya. Matar wani ta kawo wa Gadija labarin kalma da kalma.

Ba dariyar ce ta fi ci mata rai ba. Shafiek ya yarda laifinsa ne. Yakan zauna a falo da waya a hannu, yana mai da bidiyon baya, yana neman inda ya yi kuskure. Mutumin da ya koya mata tuƙi a wannan motar, wanda ke gane taya ta rasa iska tun kafin a fita daga layi, ya koma cewa tsufa ne ya kama shi bai sani ba. Da ya ce a sayar da motar a matsayin tarkace, Gadija ta ce ba za a sayar ba, kuma ba ta faɗi dalili ba.

Ta kai motar unguwar Parow, garejin Oom Basil, wato Kawu Basil, wani tsohon bakanike mai kunne ɗaya da ya shekara arba'in ba ya aikin komai sai ƙafar mota. Yana kwance ƙafar gaba ya tarar da abin da Nizaam ya manta cikin gaggawa: rabin mariƙin koiloba, a karye, noti biyu na riƙe da shi. Ya goge shi da tsumma ya miƙa mata.

"Dubi nan, 'yata. Wannan ba walda ba ce, tsuntsu ne ya yi kashi a kan ƙarfe."

Ta tambaye shi ko Jamusawa na irin wannan aiki. Ya ce bai taɓa gani ba, amma shi ba alƙali ba ne, kuma rabin ƙarfe ba ya magana. Gadija ta naɗe shi a hankici ta jefa a jaka. Tun daga ranar ko masallaci za ta, yana ciki.

Gyaran jikin motar ya cinye abin da ya cinye, ya rage mata dubu goma sha biyar na koiloba. Oom Basil ya ce sun isa, in dai za ta saya da ido ba da kunne ba. Ya zaunar da ita a kan tsohuwar taya ya karantar da ita. Kada suna ya ruɗe ta, kada fenti ya ruɗe ta. Ta duba kaurin mariƙi da waldarsa. Ta tabbata ana iya sauke mota daga ƙasan shokozoban ba tare da an matse sifirin ba. Ta murɗa maɓallin taushi zuwa ƙarshe ta danna sandar da hannu, ta mai da shi farko ta sake dannawa. In ba ta ji bambanci ba, maɓallin ado ne. Ta tambayi ƙarfin sifirin a lamba, wanda ya ce mata "mai ƙarfi ne sosai" ta fita daga shagonsa. A ƙarshe ta tambayi wa zai buɗe shi ya gyara a garin nan idan ya fara zubar da mai.

Asabar uku ta yi tana bin shaguna da tef ɗin awonta a wuya. Masu shago suka yi ta kiranta Anti suna tambaya ko ɗanta ne ya aiko ta, har sai ta fara danna sanda tana tambayar lamba, sai murmushin ya ɗauke. Ta tsayar da ranta a kan wasu 'yan Taiwan na dubu goma sha huɗu, baƙaƙe marasa kwalliya, masu takardar garanti ta shekara biyu, waɗanda Oom Basil ya ce ya sha buɗe irinsu.

A Asabar ta uku ne, bayan ta riga ta zaɓa, ta leƙa wani ɗan shago a bayan tashar Bellville don kawai ta ga mafi arha. Mai shagon ya ɗora mata wani mai ruwan toka a kan kanta, dubu huɗu duka huɗun. Ta juya shi ta ga waldar. Ta fito da hankicin ta jera su. Kauri ɗaya, lanƙwasa ɗaya, kuma a ƙasan mariƙin, inda fentin da aka shafa wa nata ya goge, lamba ɗaya ce a buge a jikin ƙarfen.

Mai shagon mutum ne mai gaskiya a irin tasa hanyar. Ya ce waɗannan na masu sauke mota ne su ajiye a yi kallo, mai hankali ba ya shiga filin tsere da su. Da ta ja shi da hira, ya ce yana da wani babban mai saye daga Lansdowne, mai gemu da zoben azurfa, da ke kwasar saiti goma a lokaci guda, kuma kullum sai ya ce a cire masa kwalayen.

Ta sayi guda ɗaya tilo daga wani saiti da ya ɓare. Oom Basil ya ce ta kai wa hukuma. Ta ce za ta kai, amma ba yanzu ba. A gaban mutane aka yi wa mijinta dariya.

Ta jira mako bakwai. Ta ci gaba da gaida matar Nizaam a kanti. Ta bari aka gama motar, aka ɗaura baƙaƙen koiloban, Oom Basil ya daidaita tsayin kowace ƙafa. Ta zaɓi Lahadin ƙarshe kafin azumi, ranar da taron ya fi cika, ranar da Nizaam ke kafa rumfa da tutar shagonsa. Da safe ta ce wa Shafiek ya zo su gwada mota. Bai so ba, amma ya shiga.

Ta tsaya daidai bakin rumfar, ta kashe inji. Mutane suka taru, don babu wanda ya yi zaton zai sake ganin jar motar nan. Nizaam ya fito da fara'a, hannu a buɗe, yana kiranta Tietie Dija, wato yaya Gadija.

"Tietie Dija, ashe ke ce direba yanzu. Me kika sa mata, irin na kasuwar gwanjo?"

"Na dubu goma sha huɗu ne, Boeta. Na ga na dubu talatin da takwas ba su karɓe mu ba."

Ta shimfiɗa farin yadi a kan bonet, ta ajiye karyayyen mariƙin, ta ajiye mai ruwan tokan a gefensa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi inda ta samo kowanne, da kuɗinsa, ta karanta lambar sau biyu. Sannan ta buɗe wata robar ayis kirim cike da sanfefa da ta yayyanka murabba'i, kowane daidai da ɗan'uwansa, ta ce duk wanda ya sayi kayan Jamus a wurin Nizaam ya ɗauki ɗaya ya goge fentin ƙasan mariƙinsa.

Da farko babu wanda ya motsa. Sai wani direban bas mai shuɗiyar mota ya ɗauki ɗaya ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa. Aka ji ƙarar sanfefa a kan ƙarfe. Ya karanto lambar daga ƙarƙashin motar. Kafin minti goma maza goma sha ɗaya na kwance a kan kwalta, ƙafafunsu kawai ake gani. Tara suka karanto lamba ɗaya.

Nizaam ya ce shi ma cutarsa aka yi, dillali ne ya yaudare shi. Gadija ta tambaye shi ko dillalin ne ke cewa a cire kwalaye a Bellville. Da direban bas ya cakumi wuyan rigarsa, ita ce ta shiga tsakani ta ce kada kowa ya taɓa shi. Ba tausayi ba ne. Ta san in aka fasa masa baki, gobe labarin zai koma na mutumin da aka yi wa taron dangi.

A hanyar gida suka tsaya a danja. Shafiek ya dafa ƙafarsa ta hagu, ya ce a hankali, "Ashe ba ni ba ne." Ta kalli titi, don ta bar shi ya share idonsa.

Washegari ta kai ƙara, mutum tara suka sa hannu tare da ita. Kafin babbar salla ta matso an rufe shagon Lansdowne. Amma Nizaam ya riga ya sami kujerar hajji tun bara, kuma kamar kowane maniyyaci sai ya bi gida gida yana sallama da neman gafara. Wata ranar Asabar da la'asar ya zo da matarsa. Ya rame, gemun ya yi fari. Gadija ta kawo shayi da samosa kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ya durƙusa gaban Shafiek yana kuka, Shafiek ya kama hannunsa ya ce ya yafe, duniya da lahira. Sai Nizaam ya juyo wajenta.

"Tietie, don girman Allah."

"Ka sha shayinka, Nizaam. Kuɗin kicin na yafe. Ƙugun nasa ne, ya yafe. Amma ka zauna a bakin gadon nan ka ce masa laifinsa ne, kana kallon idonsa. Wannan ka tafi da shi can, ka faɗa wa Wanda za ka je wurinsa."

Matar Nizaam ta fashe da kuka. Surukar Gadija ta kira ta a waya a ranar ta ce ba a mai da alhaji da hannu wofi, liman ma ya aiko a yi mata nasiha. Ta saurari kowa da ladabi, ba ta canja ba. Nizaam ya tafi ya dawo, ya koma garin Paarl wajen 'yan'uwan matarsa, yana aiki a shagon tayoyin wani. Shari'ar ta ɗauki shekara biyu, Gadija kuma ba ta fasa zama ko ɗaya ba. Takan ɗauki hutu daga aiki, ta zauna a layin gaba inda zai gan ta.